Ranar da Troels Ya Ɗaga Murya

A gidan renon yaran da nake aiki akwai wata taga da muke kira tagar sallama. Tana gefen ƙofar shiga, da benci a ƙarƙashinta don gajeru su samu abin takawa. Uwa ko uba zai kawo yaro, ya cire masa takalmin ruwa, ya saka masa kwanon abinci a firji, ya sumbace shi, ya fita. Yaro ya hau benci, su ɗaga wa juna hannu, magana ta ƙare. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka taƙaita sallama, kada ka sulale a ɓoye, in kuma ka fita to ka fita ke nan. Na ga manyan mutane a bayan gilashin nan suna abin da ko a ɗakinsu ba za su yi ba. Faston garinmu tafiyar agwagwa yake yi wa jikarsa har bakin titi. Likitar haƙori kuwa hanci take mannawa a gilashin, ni ce mai gogewa.

Sunana Bodil. Na daɗe a aikin nan har yaran da na share wa majina sun fara kawo mini nasu 'ya'yan, kuma Troels yana cikinsu. Tun yana ɗan mitsitsi ba ya son magana. Mu mutanen gaɓar yammacin Jutland dama ba a san mu da surutu ba, amma na Troels ya yi yawa. Ranar aurensa aka matsa masa ya yi jawabi, ya miƙe, ya dubi amaryarsa Solvej, ya ce, "To, ba laifi," ya zauna. Uwarsa ta yi ta share hawaye, wai ba ta taɓa jin ya buɗe zuciyarsa haka ba. Yanzu ƙato ne mai gyaran injinan jiragen kamun kifi, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu.

'Yarsu Dagny ba ta gani tun haihuwa. Shekararta uku lokacin da suka kawo ta, kuma duk maganar da ubanta ya tara bai yi ba ita ta gaje ta. Ranar farko ta shafa fuskata ta ce, "Ke tsohuwa ce." Na ce mata haka ne. Ta ce, "Ba komai." Daga nan na ji yarinyar ta shiga raina.

Ƙaramar hukuma ta yarda a gwada ta a wurinmu ne kawai, ba a ba ta gurbi na dindindin ba. An ce in kaka ta yi nisa za a zauna a duba. In ta saba, tana wuni ba uwa ba uba, tana ci tana wasa, sai ta zauna da mu. In ba ta saba ba, sai a mayar da ita gidan reno na musamman da ke birni. Wurin yana da kyau, ba wanda ya ce ba shi da kyau, amma mota ce za ta ɗauke ta da sanyin safiya ta dawo da ita da yamma liƙis, kuma babu ko yaro ɗaya daga layinsu a can. Solvej ta gaya mini a tsaye, tana ɗaure hular keke, cewa so take 'yarta ta girma da yaran da za su riƙa buga mata ƙofa suna cewa ta fito. Ni ma abin da nake so ke nan, don haka na ɗaura aniya.

Mun yi shiri kuwa ba na wasa ba. Hukuma ta turo mana wata malama da ta san aikin yara marasa gani, mace mai kirki da haƙuri. Ta ɗaure mana idanu ta sa muka yi rarrafe a ɗakin wasa, na ƙume goshi da tebur, shugabarmu Ingelise ta shige cikin akwatin kayan wasa. Aka manna ɓawon katantanwar teku a maratayin rigar Dagny don ta gane nata. Aka shimfiɗa tabarma mai kaushi a gaban kowace ƙofa. Aka kafa doka cewa duk wanda ya zo kusa da ita ya faɗi sunansa. Yaran suka karɓi wannan doka hannu bibbiyu, har wani ɗan rigima mai suna Aksel ya riƙa zuwa yana cewa, "Ni ne Aksel, zan yi tusa." Komai mun tuna da shi, taga ce kawai ba wanda ya yi tunaninta, don mun saba da ita kamar yadda mutum ya saba da hancinsa.

Solvej ma'aikaciyar jinya ce, ba ta samu hutu ba, sai Troels ya ɗauki nasa don ya zauna da Dagny kwanakin sabo, kamar yadda kowane iyaye ke yi. Ya takure a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, yana shan kofi, ba ya cewa uffan. Dagny tana yawo ta dawo ta taɓa gwiwarsa ta sake tafiya. Da muka ga ta fara sakin jiki sai muka ce lokacin sallamar farko ya yi.

Ya sumbace ta a ka, ya fita. Ingelise ta ɗora ta a benci ta ce, "Ga Baba can yana ɗaga miki hannu. Ɗaga masa." Dagny ta ɗaga hannu da iya ƙarfinta, amma wajen firji ta fuskanta. Troels yana waje yana ɗaga nasa. Ingelise ta ce, "To, ya tafi." Dagny ta sauko ba ko ƙwalla. Muka dubi juna muna murmushi, Ingelise har da cewa ba ta taɓa ganin sallama mai sauƙi irin wannan ba. Ni dai abin ya ɗan tsaya mini a rai.

Abu ɗaya ne ya ba mu mamaki. Yarinyar ta ƙi shiga ɗakin wasa. Ta zauna daɓas a ɗakin ajiye riguna, tana rera waƙa, tana ba rigunan ruwa labari, tana ƙyalƙyala dariya. Muka ce ƙila yadda take sabawa ke nan, a bar ta. Can sai Aksel ya jiƙe wandonsa, na je ɗauko masa wani. Ina sunkuyawa sai na ga ƙafafu biyu cikin safar ulu a ƙarƙashin rigunan ruwan ma'aikata, kowace ƙafa ta kai girman burodi.

Na ɗage rigar Ingelise. Ga Troels a tsaye, ya manne da bango, takalmansa a hannu. Ashe zagayawa ya yi ta ƙofar kicin ya dawo.

"Troels," na ce a hankali, "me kake yi a nan?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa ka shiga rigar shugaba?"

Ya yi tsuru-tsuru, ya raɗa mini, "Ai ba ta ganina."

Daga ƙasa sai muka ji Dagny, ita ma da raɗa irin ta yara wadda ake ji har waje: "Bodil, Baba wasan ɓuya yake yi. Kar ki gaya masa na sani."

Mutumin da ya shekara goma sha yana kwance cikin injin jirgi, wanda ko a coci warin baƙin mai yake yi, wai shi ne zai ɓuya wa 'yarsa. Na ja shi kicin na yi masa faɗa daidai gwargwado. Na ce masa ƙa'ida ƙa'ida ce, wanda ya fita ya fita. Ya gyaɗa kai, ya saka takalmi, ya tafi.

Washegari aka sake yin sallama a taga, aka sake ce wa Dagny ya tafi. Tana saukowa daga benci ta ɗaga hanci sama, ta nufi rigunan ruwa ta lallaba su ɗaya bayan ɗaya. Babu kowa. Ta bi bango ta shiga kicin, ta fito, ta ce in buɗe mata ƙofar tsakar gida. A rumfar da muke ajiye kekunan yara ta kama shi, ya duƙa bayan amalanke. Ihun murnar da ta yi sai da tsuntsayen teku suka tashi daga kan rufi.

"Na kama ka!"

"To," in ji Troels.

Daga nan abin ya zama sana'a. Yau yana ƙarƙashin abin sulu da yara ke zamewa a kai, gobe yana cikin 'yar bukkar wasa da ƙafafunsa a waje, jibi yana bayan shinge da kofinsa a hannu. Ina korarsa ta ƙofar gaba yana dawowa ta baya. Sauran yaran suka gane, suka shiga farautar. Da an yi sallama a taga sai ka ji Aksel yana ihu, "A fito neman Troels!" Dagny a gaba, hannunta a bango, rundunarta a baya, an kuma hana kowa faɗin inda yake ko da ya hango shi, don ita ce mai kamawa. Cikin ɗan lokaci ta san gidan nan fiye da ni. Ta san inda tabarma ta ƙare, ta san matakin da ke ƙara, ta san lungun da muke ɓoye biskit. Malamar hukuma ta zo ta gani ta riƙe baki, ta ce ba ta taɓa ganin yaron da ya haddace wuri da sauri haka ba.

Ingelise ta ce mini, "Bodil, ki ƙyale su mana. Abin yana aiki."

"Yana aiki har yaushe? Ko za mu ɗauke shi aiki ne, mu ba shi maratayin riga?"

Na tare shi a bayan shinge na yi masa wankin babban bargo. Na ce masa hutunsa ya kusa ƙarewa, jirage suna jiransa, kuma ranar zaman hukuma tambaya ɗaya za a yi: yarinya tana wuni ba iyaye ko ba ta wuni? Na ce, "In aka tambaye ni, me kake so in ce? In ce tana wuni lafiya lau in dai ubanta yana ƙarƙashin abin sulu?"

Ya juya kofinsa a hannu. Can ya ce, "In ta faɗi fa?"

"Ta tashi. Kai sau nawa ka faɗi a tsakar gidan nan? Ni na ɗaga ka."

"In ta kira ni fa?"

Tausayinsa ya kama ni. Amma na daure na ce ni ina nan, zan amsa. Ya ce to. Troels kuwa in ya ce to irin wannan, ya gama magana.

Ranar da ya tafi da gaske, an yi komai yadda aka saba. Sumba, benci, ɗaga hannu, "ya tafi." Dagny ta sauko tana dariya, runduna ta haɗu, aka fara. Rigunan ruwa, kicin, rumfar kekuna, abin sulu, bukka, shinge. Aka sake zagayawa. Yara suka gaji suka watse, wasu suka tafi lilo, wasu yashi. Ita ba ta daina ba. Ta shiga banɗaki, ta buɗe kabad ɗin tsintsiya, ta zura hannu har bayan firji. Dariyar ta ragu, ta ƙare. Wajen tsakar rana na same ta tsaye a tsakiyar tsakar gida, iska tana kaɗa mata gashi.

"Baba," ta ce, "na gaji da wasan. Fito."

Na durƙusa kusa da ita. "Ni ce Bodil. Dagny, Baba yana tashar jiragen ruwa, yana aiki. Zai zo da yamma."

"A'a. Yana nan."

"Wallahi ya tafi."

"Kullum haka kuke cewa."

Gaskiyarta ce kuwa. Kullum sai an ce mata ya tafi, kullum kuma sai ta same shi. Yaron da ke gani yana kallon bayan ubansa har ya sha kwana, ba ya buƙatar kowa ya ba shi labari. Ita labarin kawai take da shi, labarin kuma bai taɓa zama gaskiya ba sai yau.

Ta ƙi cin abinci. Baƙin burodinta da markaɗaɗɗiyar hanta ya koma firji yadda ya zo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Komawa ta yi ƙarƙashin rigunan ruwa ta zauna. Da na je lallashinta sai ta ce, "Yana nan. Fushi yake da ni, shi ya sa ya ƙi magana." Na tashi na shiga kicin na tsaya ina wanke kofin da ba shi da datti.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Da yamma in Troels ya zo ɗaukarta sai ta ƙanƙame shi ta ce, "Ina ka ɓuya?" Ya ce yana wurin aiki. Ta ce ƙarya ne. Da safe kuma ta ɗan duba nan da can, ba dariya, ta koma ƙarƙashin riguna. Bakin nan da ba ya hutawa ya mutu. Aksel ya je ya sanar da ita tusa har sau biyu, ko murmushi ba ta yi ba. Zaman hukuma yana ƙaratowa, Ingelise ta kira ni ofis ta ce ba za ta iya ɓoye komai ba, yarinyar da ba ta ci ba ta wasa ba za a ce ta saba ba. Na san haka ne, amma sai da na ja mata ƙofa garam da zan fita.

Wata yamma Solvej ta tashi aiki da wuri, suka zo tare. Na bar Dagny a ciki tana saka takalmi, na tare su a bakin ƙyaure na zayyana musu komai. Troels ya sunkuyar da kai kamar lokacin da ya fasa mana tukunyar fure yana ɗan shekara huɗu.

"Abin da ban gane ba," in ji Solvej, "ni kullum ina fita in bar ta a gida, ba ta taɓa nemana a bayan labule ba."

"Ke ai ana jin ki har tashar jirage," in ji Troels.

"Me ka ce?"

"Takalminki. Da waya. Da gaisawa da kowa."

"To laifi ne? Ni mutum ce, in na tafi ana sanin na tafi. Kai kuwa ƙato da kai kana tafiya kamar kyanwa. Sau nawa ka tsorata ni a kicin?"

Suna wannan sai na ji kamar an kunna mini fitila. Dagny tana jin uwarta tana nisa da kunnenta, taku yana raguwa, murya tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Ubanta kuwa ƙofa ce kawai take rufuwa a bayansa, sai shiru, irin shirun da yake yi in yana tsaye bayan riguna.

"Gobe ba taga," na ce. "A nan ƙyaure za a yi sallama. Ita za ta tura ka waje, ita za ta rufe. Kai kuma ka tafi da hayaniya har ƙarshen layi."

"Hayaniya kamar yaya?"

"Magana. Da ƙarfi."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe. "Zan zo da keke. In yi ta kaɗa ƙararrawa."

"Kowane keke a garin nan yana da ƙararrawa," in ji Solvej. "Ta ina za ta san naka ne?"

"Fito fa?"

"Ka iya fito ne? Yi mu ji."

Ya haɗa leɓe ya hura, iska ce kawai ta fito. Solvej ta yi dariya har da riƙe ƙyaure.

"Muryarka take so, Troels," na ce. "Ita ta sani."

"A titi? Da safe? Akwai mutane fa."

"Akwai su kuwa," na ce. "Tsofaffin nan na bencin gidan burodi ma suna nan."

"In ce me?"

"Duk abin da ka gani."

Bai ce to ba. Ya shiga ya ɗauko 'yarsa suka tafi, ni kuma na koma gida ban san ko zai yi ba.

Da safe aka tashi da yayyafi, ga iska tana bugowa daga teku, irin wadda ke ƙwace magana daga bakin mutum. Suka iso. Na saka wa Dagny rigar ruwanta, na gaya mata yau ita ce za ta kori Baba da hannunta, ta kuma saurara da kyau. Ta ba ni hannu. Muka fita bakin ƙyaure. Yaran da suka riga zuwa suka biyo mu, don sun ji ƙanshin abin kallo, suka jeru a jikin shinge.

Troels ya juya mata baya. Ta ɗora tafukanta biyu a bayan gwiwoyinsa, iyakar inda tsawonta ya kai, ta tura. Ya fita. Na ɗaga ta sama, don sakatarmu a can sama take saboda yara, ta lalubo ta ta ja, ta ji ƙarar shigarta. Na sauke ta. Ta kama sandunan ƙyauren, ta karkata kai.

Ya fara tafiya. Na ga bakinsa yana motsi, amma ko ni da nake kallonsa ban ji komai ba.

"Ba na ji," in ji Dagny. "Yana nan."

"Troels!" na daka masa tsawa. "Buɗe bakin nan!"

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Wata mata tana fitar da shara, mai kai wasiƙu yana jingine kekensa. Na ga ƙeyarsa ta yi ja har kunnuwa. Sai ya ja numfashi.

"NA FITA!"

Matar nan ta saki murfin shara. Ni kaina sai da na razana, don ban taɓa sanin akwai irin wannan murya a cikinsa ba. Dagny ta yi tsalle ta ƙara damƙe sanduna.

"INA TAFIYA! GA NI GABAN GIDAN EJVIND!"

Ya ƙara gaba.

"EJVIND YA LEƘO TA TAGA! YANA KALLO NA!"

Yaran shinge suka fashe. Aksel ya faɗi a cikin taɓo don dariya.

"KARE YA YI KASHI A HANYA! NA TSALLAKE!"

"Ya tsallake," in ji Dagny a hankali, kamar mai tabbatar wa kanta.

"GA GIDAN BURODI! TSOFAFFI SUNA ZAUNE!" Aka ɗan yi shiru. "SUN CE KO LAFIYA! NA CE LAFIYA!"

Muryar ta fara raguwa. Tun tana cika layin har ta koma kamar daga ɗaya ɗakin ake magana. Yaran suka daina dariya ba wanda ya sa su, don sun ga yadda Dagny ta miƙa wuya tana bin ta. Ya ce ya wuce shagon kifi. Ya ce ruwa ya shiga masa wuya. Ya ce zai sha kwana. Daga nan sai guntu-guntu iska take kawo mana, kalma ta zo kalma ta ɓata. Abin da na iya tsinta na ƙarshe, siriri kamar zare, shi ne, "Dagny! Zan dawo in kun ci tuffar yamma!" Bayan wannan sai yayyafi kawai a kan rigunanmu.

Ta daɗe a haka, kai a karkace, baki a buɗe. Ba wanda ya yi motsi.

"Ya tafi," ta ce.

"Ya tafi."

"Can nesa."

"Can nesa, har tashar jirage."

Leɓenta na ƙasa ya turo gaba. Ta saki ƙyaure, ta juyo inda muryata take, ta ɗaga hannuwa biyu sama. Na sure ta. Sai ta ɓarke da kuka, kuka na gaske mai majina da shessheƙa, irin wanda kowane yaro yake yi mana a kan benci ranar da ya gane an bar shi da mu. Ta cusa fuskarta a wuyana tana kiran Baba, amma ni ta riƙe, ba ta miƙa hannu wajen shinge ko rumfa ba. Na yi shekaru ina rarrashin yara, ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Ina jijjiga ta ina dariya, hawaye na zubo mini.

Ingelise ta fito daga ofis da gudu ba ko rigar ruwa, ta tsaya cikin yayyafi tana dubanmu.

"Me ya faru? Wa ke ihu a titi? Bodil, jibi ne fa zaman. Me zan gaya musu?"

"Ki ce musu ta yi kuka," na ce.

Dagny ta ɗago kai, ta goge hanci a kafaɗata.

"Ban gama ba," ta ce, ta mayar da fuskarta wuyana ta ci gaba.